Idon da Na'ura Ta Kama

"Ba zan sa hannu ba!"

Auta ta ture takardar har ta faɗo daga teburin yanka, ta sauka cikin ƙyallaye. Tela, saurayinta na tsawon shekara uku, ya tsayar da keken ɗinkinsa ya duƙa ya ɗauko.

"Haba rabin raina, layi ɗaya ne fa. Ki ce kin yi kuskure, ki sake jarrabawar baɗi, magana ta mutu."

"Wane kuskuren? Na haihuwata?"

Karatun koyarwa take yi ta intanet. Makarantar ta saka wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira da ke kallon ɗalibi ta kyamara lokacin jarrabawa, tana ƙirga duk sanda ya kau da ido. Ita kuwa Auta harara-garke ce tun haihuwa, idonta na hagu nasa wurin yake kallo. Sarkin ƙwazo, na'ura ta ƙirga mata sau ɗari biyu da sha huɗu, ta rubuta cewa satar amsa take yi!

Zaɓi biyu aka ba ta: ta amsa laifi, ko ta fuskanci kwamiti, in ta faɗi a kore ta.

"Yaya Babba ta riga ta ji," in ji Tela, murya ƙasa-ƙasa. "'Yar Gwaggo ce ta tura sunayen waɗanda aka kama a zauren danginmu na waya."

Auta ta yi dariyar takaici. 'Yar Gwaggo 'yar'uwar Tela ce, ajinsu ɗaya da Auta, kuma kowa ya san riga nawa take kawowa shagon nan a wata, duk ba don ɗinkin ba. Yaya Babba kuwa, babbar yayar Tela, da ma neman dalili take, ita da ta taɓa cewa ba a gane wanda yarinyar nan take gaisarwa.

"Su faɗi son ransu. Kai me ka ce musu?"

Ya yi ta juya almakashi a hannu.

"Auta... tsakaninki da Allah, ba ki ɗan leƙa komai ba?"

Wayyo! Da mari ya yi mata da ya fi sauƙi. Ta ɗauki jakarta ta fice, yana kira ko waiwaye.

Ranar zaman kwamiti da safe, Umma ta zauna gefenta da carbi. Malamai uku suka bayyana a allon kwamfuta, kowa ya ɗaure fuska.

"Kina da takardar likita?" in ji shugabar kwamitin.

"Ba ni da ita, Malama. Ba ciwo nake ba, haka aka halicce ni. Roƙona ɗaya, ku kunna na'urarku yanzu."

Ta ɗaga kwamfutar ta zagaya ɗakin da ita: bango fayau, gado, kwandon wanki. Ta dawo ta zauna, ta ɗora hannuwa a kan tebur.

"Ku tambaye ni duk abin da kuka ga dama."

Suka fara. Tana amsa ta farko, na'ura ta yi ƙara, ƙit! Ta biyu, ƙit! Auta ba ta tsaya ba, amsa take zubowa, ko kalma ba ta ɓata ba. Kafin tambaya ta shida jan layi ya cika gefen allon.

"Ku kashe abin nan," in ji shugabar. Ta daɗe tana kallon Auta. "'Yata, ki yafe mana. Sakamakonki yana nan daram."

Umma ta rangaɗa hamdala har maƙwabta suka leƙo.

Da la'asar sai ga Tela a ƙofar gida, baki har kunne.

"Gimbiyata! Labari ya karaɗe ko'ina. Yaya Babba da kanta ta ce a zo a tsayar da rana!"

Auta ta dube shi. Wallahi tana son sa, son da ko yanzu yake matse mata ƙirji.

"Da kwamiti ya kore ni fa? Da ka zo?"

"Haba, ai ya wuce..."

"Na'ura ba ta san ni ba, minti casa'in kawai ta kalle ni. Kai shekara uku kana kallona, Tela, kuma sai da malamai uku suka wanke ni kafin ka yarda."

"Auta, ki yi haƙuri, don Allah!"

"Na yafe maka. Amma ka gaya wa Yaya Babba kada ta wahalar da kanta."

Ta tura ƙofa ta saka sakata. Ta jingina da ita ta yi kuka sosai, yana ta ƙwanƙwasawa yana kiran sunanta, ba ta buɗe ba.