Ƙafar Wandona

Jama'ata, sannunku da hutawa! Ku matso kusa, yau labarin kaina na kawo muku.

Babana ne shugaban ƙungiyarmu ta addini. Dokarsa: wando iya ƙauri, kuma duk wanda ba ya sallah a bayanmu ɓatacce ne, har da maƙwabcinmu direba da ya kai Umma asibiti ranar da ta faɗi. Abin nan ya tsaya mini a rai. Na fara sulalewa masallacin bakin tasha.

Rannan na kai wa 'Yar Tela wandona. Ɗiyar mataimakin Baba ce, ita za a ba ni, ni kuwa sonta ya gama da ni.

"A kwance mini lanƙwasar nan, ya sauko."

Ta tsayar da keken ɗinki, ta leƙa waje.

"Wa ya turo ka? Babanka ko nawa?"

"Ƙafata! Sauro ya mayar da ita gidan abinci!"

"Ban da wasa, masoyi... gwada ni ake yi?"

"Ni ma fa tsoron da nake ji ke nan. Ina fita ki kai rahoto?"

Muka tsaya kallon-kallo.

"Sallar ka bari?"

"Wallahi yanzu ma na fara jin daɗinta. Da can Baba nake tsoro, ina zaton tsoron Allah ne."

Ta ɗauki reza tana farke ɗinkin.

"Ƙawayen nan da aka hana ni gaisarwa... kullum sai na gaishe su."

Ina shiga gida Baba bai dubi fuskata ba, ƙasa ya duba.

"Wa ya kwance?"

"Ni ne, Baba."

"Kai da ko maɓalli ba ka iya ɗaurawa? To ka naɗe shi yanzu in manta. Ko ka bar shi, ka manta da yarinyar, ka manta da gidan nan!"

Umma na bayan labule tana sheshsheƙa. "Auta, naɗe mana..."

Wayata ta yi ƙara. Saƙo daga lambar 'Yar Tela: "Ka yi yadda suka ce, zuciyata." Ita ta rubuta, ko babanta ne riƙe da wayar? Har yau ban sani ba.

Na sunkuya, Baba ya saki ajiyar zuciya.

Igiyar takalmina kawai na ɗaure. Na durƙusa na gaishe shi, na fita ina hawaye kamar ba ni ne sarkin tsiya ba.

To ku fa, jama'a? Da kun naɗe?