Ina Kika Bar Fathi?

A ƙauyenmu, tsallaken kogin Nilu daga birnin Luksor, akwai wata yarinya da ba ta iya zama wuri ɗaya. Tana aji biyar a firamare. In tana cin abinci, ƙafarta na rawa. In an aike ta, da gudu take fita, kafin ta isa ta manta rabin saƙon. Kakarta kan ce, "Ke dai ko kaza ta fi ki natsuwa, uwar gaggawa!"

Tana da ƙane mai suna Fathi, ɗan shekara shida. Fathi kurma ne tun haihuwa. Da hannu ake yi masa magana, kuma duk gidan babu wanda ya iya maganar hannu kamar yayarsa.

Wata rana malamarsu, Abla Nagat, ta ce ranar Alhamis za a kai 'yan ajin kallon kufan tsohon haikalin da ke hayi. Da asuba za a tashi, kafin rana ta yi zafi. Da Fathi ya gane, sai ya sa kuka, shi ma sai ya je. Umma ta je makaranta ta roƙa. Abla Nagat ta yarda, amma da sharaɗin yayarsa ce za ta riƙe shi.

Ranar Alhamis, tun kafin kiran salla yarinyar ta farka.

"Umma, tashi! Gari ya waye!"

"Ina ya waye? Ko zakara bai yi cara ba."

Bayan salla, Umma ta sa musu burodi da dafaffen ƙwai da cuku da gorar ruwa a jaka. Yarinyar tana ta leƙa ƙofa tana dawowa.

"Zo nan," in ji Umma. "Dube ni. Kin san ƙanenki ba kamar sauran yara ba ne. In ya ɓace, ko duk garin nan ya taru yana kiransa, ba zai ji ba. Kada ki saki hannunsa."

"Na ji, Umma."

"Me na ce?"

"Kada in saki hannunsa. Umma, za su tafi su bar mu!"

Ta finciki jakar, ta ja Fathi suka fita.

A cikin jirgin fito ma ba ta zauna ba. Daga wannan benci ta koma wancan. Mai jirgin ya daka mata tsawa, "Ke 'yar nan, zauna! Kada ki sa mu yi wankan da ba mu shirya ba!" Yara suka kwashe da dariya.

Rana ba ta fito ba suka isa. A bakin ƙofa wani dattijo yana jiransu, da farar hula da sanda. Shi ne jagoran da zai zagaya da su. Sunansa Ammu Girgis.

"Barkanku da asuba, 'ya'yana," in ji shi. "Wurin nan ya fi ƙauyenku girma. Kowa ya bi sandata. Kada wanda ya yi gaba, kada wanda ya tsaya a baya."

Ya fara da ragunan dutse da ke jere a bakin hanya. Wani yaro mai barkwanci, Hagag, ya ɗaga hannu.

"Ammu, waɗannan ragunan sun isa layya?"

"Sun isa mana. Sai dai haƙoranka za su gaya maka."

Aka sake yin dariya. Yarinyar ita kam ba ta yi ba. Ammu Girgis a hankali yake magana, a hankali yake tafiya. Fathi kuma ya fi shi. Ko ina sai ya tsaya, ya ɗaga kai, ya buɗe baki yana kallo. Ta ja shi, ya turje. Ta sake ja, ya sake turjewa.

Suka shiga wani wuri mai manyan ginshiƙai. Sun yi yawa kamar itatuwan daji, kowanne da zane tun daga ƙasa har sama. Ammu Girgis ya dogara sandarsa, ya soma bayani mai tsawo.

Sai ƙawarta Shadiya ta matso kusa da kunnenta.

"Ni na taɓa zuwa da babana. Can baya, kusa da tafki, akwai ƙaton buzuzu na dutse."

"Buzuzu? Ƙarya kike!"

"Wallahi. Zo mu je mu gani mu dawo kafin tsohon nan ya gama. Amma da wannan jelar taki, sai azahar za ki isa."

Ta nuna Fathi da baki.

Yarinyar ta dubi Abla Nagat. Malamar ta juya baya tana sauraron Ammu Girgis. Yarinyar ta dubi Fathi. Zuciyarta ta ce, minti nawa ne?

Ta ja shi bayan wani ginshiƙi, inda malama ba za ta gan shi shi kaɗai ba. Ta zaunar da shi. Ta yi masa magana da hannu: "Zauna nan. Kada ka motsa. Yanzu zan dawo."

Fathi ya riƙe gefen rigarta. Ta zare hannunsa, ta sake cewa, "Kada ka motsa." Ya gyaɗa kai.

Suka ruga, ita da Shadiya, jakar tana dukan bayanta. Tafkin ya fi yadda ta zata nisa. Da suka isa, ga buzuzun nan a kan wani dutse.

"Wannan ne? Ai ko ɗan maraƙinmu ya fi shi girma!"

"To, da kin zaci raƙumi ne?"

Suka tsaya gardama. Suka leƙa tafkin. Suka bi wata kyanwa da ta shige tsakanin duwatsu. Kafin su ankara, rana ta haura kan bango.

"Fathi!" in ji yarinyar. Ta juya da gudu.

Da ta koma wurin ginshiƙan, sai ta ga kamar ba nan ba ne. Motocin baƙi sun iso. Ko ina mutane, ko ina huluna da laimomi. Ta leƙa bayan ginshiƙi na farko, babu Fathi. Na biyu, babu. Ta ruga wancan layin, ta dawo wannan. Duk ginshiƙan iri ɗaya ne.

Ta buɗe baki ta ƙwala kira, "Fathi! Fathi!"

Sai ta daina kira. Ta tuna ko tana tsaye a bayansa ba zai ji ba. 

"Mu gaya wa Abla," in ji Shadiya.

"A'a! Za ta gaya wa Umma. Bari in sake dubawa."

Ta sake zagayawa da gudu. Ta yi karo da wata baƙuwa, ta faɗi, gwiwarta ta kuje. Ta tashi ta ci gaba. Zafi ya soma tasowa daga ƙasa. Sai ta ji nauyin jakar a bayanta. Ruwan yana wurinta. Abincin ma yana wurinta. Fathi ba shi da komai.

Nan ta fashe da kuka, ta je neman sandar Ammu Girgis. Ta same su a wani fili, Abla Nagat tana dudduba fuskokin yara.

"Ina kuka shiga? Tsaya... ina ƙanenki?"

Yarinyar ta ci gaba da kuka.

"Da ke nake! Ina kika bar Fathi?"

"Na zaunar da shi bayan ginshiƙi, Abla. Na ce ya jira ni. Yanzu ban gan shi ba."

Abla Nagat ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Tun yaushe?"

"Tun muna wurin ginshiƙan."

"Kuma sai yanzu kike faɗa?"

Ammu Girgis ya durƙusa a gabanta. "'Yata, share hawayenki ki taimake ni. Wane zane ne a jikin ginshiƙin? Jirgin ruwa? Tsuntsu? Mutum mai doguwar hula?"

"Ban duba ba, Ammu."

"Kusa da ƙofa ne, ko can ciki?"

"Ban sani ba. Sauri nake yi."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya, ya miƙe. Ya aika wani mai gadi ya tsare babbar ƙofa, wani kuma ya je bakin tafki. 

"Ku saurara, 'ya'yana," in ji Ammu Girgis. "Yau kira ba zai yi amfani ba. Ido ne zai yi aiki. Ku jeru biyu-biyu. Kowane biyu su ɗauki layi ɗaya. Duk ginshiƙin da kuka zo, ku zagaye shi kaf kafin ku wuce. Ban da gudu."

Yara suka jeru. Har Hagag ya daina wasa. Yarinyar ta zabura za ta ruga, Abla Nagat ta cafke wuyan hannunta.

"Gudun ne ya kawo mu nan. Tare za mu tafi, a hankali."

Ba ta taɓa yin tafiya mai wuya irin wannan ba. Jikinta duk yana so ya tashi sama. Amma ta daure. Suka zagaye ginshiƙi, suka wuce. Suka zagaye wani, suka wuce. Bakinta yana ta addu'a.

Can kusa da ƙarshen layin, ta hango bakin wani ɗan takalmi shuɗi.

"Abla, ga shi!"

Fathi yana zaune daidai inda ta ajiye shi. Ya rungume gwiwoyinsa. Ginshiƙin yana da kauri ƙwarai, ashe ta sha wuce shi ta ɗaya gefen ba ta zagaya ba. Inuwar da ta bar shi a ciki ta gushe tuni. Rana tana dukansa a ka, gumi ya jiƙa rigarsa, leɓunansa sun bushe. Ga inuwa nan kusa da shi, amma bai matsa ba. An ce masa kada ya motsa.

Ta durƙusa za ta rungume shi. Ya ture hannunta, ya kau da kai. Abla Nagat ce ta ba shi ruwa, ta shafa masa sauran a fuska. Da suka tashi tafiya, hannun Abla ya riƙe.

Lokacin yawon ya ƙare a wurin nema. Zafi ya yi yawa, dole aka juya. Sauran yaran ba su ga tafkin ba, ba su ga buzuzun ba.

"Duk saboda ke," in ji wata yarinya a cikin jirgi. "Mun tashi da asuba a banza."

"Har da laifina, Abla," in ji Shadiya, kanta a ƙasa. "Ni na zuga ta."

"Ku duka biyun za mu yi magana a makaranta," in ji Abla Nagat. Ta juya ga yarinyar. "Ni zan gaya wa Ummanku, ko ke?"

"Ni zan faɗa, Abla."

Har jirgin ya tsallaka ba ta tashi daga bencinta ba.

A gida ta faɗa wa Umma komai, ba ta rage ko ɗaya ba. Umma ta ɗauki Fathi ta ɗora a cinya, ta duba shi tun daga kai har ƙafa. 

"Kin san me ya sa bai tashi daga rana ba?" in ji Umma.

"Don na ce kada ya motsa."

"Don ya yarda da ke. Shi ɗan shekara shida ya riƙe maganarki. Ke babba ba ki riƙe tawa ba. Abin da aka ba ki amana, ba a ajiye shi a gefe don a je kallo. Kuma in kin yi kuskure, ki faɗa da wuri. Ɓoyewa ƙara shi take yi."

"Na tuba, Umma. Ba zan ƙara ba."

"Ni na yafe. Saura mai haƙƙin."

Da la'asar Baba ya dawo daga gona da rake. Ya yanka ya raba musu. Fathi ya ɗauki nasa ya koma gindin dabino shi kaɗai. Yarinyar ta bi shi, ta zauna a gabansa inda zai ga hannunta.

"Ka yi haƙuri," ta ce masa da hannu. "Na yi laifi."

Fathi ya dube ta. Ya ajiye raken, ya ɗaga 'yan hannayensa. "Na zaci kin koma gida kin bar ni."

Hawaye suka zubo mata. "Ko kusa. Ina ta nemanka. Dubi gwiwata."

Ya leƙa ciwon, ya yamutsa fuska. Ya hura mata iska a kai, yadda Umma ke yi masa. Sannan ya miƙa hannu ya zare raken da ke cinyarta, ya haɗa da nasa.

"Kai! Har da nawa?"

Ya gyaɗa kai, ya gatsa, yana dariya ruwan raken na bin haɓarsa. Ita ma ta yi dariya, ta matsa kusa da shi, ya jingina da kafaɗarta.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa gaggawa tana iya jawo babbar nadama, kuma amana ba abin wasa ba ce. Har yanzu ƙafarta takan yi rawa in tana cin abinci. Amma in aka ba ta riƙon wani abu, ko wani mutum, tana riƙe shi har ta mayar da shi gida lafiya.