Babur Mai Sanɗa

Lantana na jera kwalaben kpayo, fetur ɗin da mahaifinta ke sayarwa a bakin titin Zongo, sai ta ga mutum a gabanta kamar an jefo shi. Mansir ne, ɗan zem, wato ɗan acaɓa, a kan babur mai lantarki wanda ko tari ba ya yi. Hanyar Agla ya tambaya, shi da ya san Kwatano kamar tafin hannunsa. Washegari ma ya sake ɓata, a daidai teburinta.

Da maganar aure ta kai gida, mahaifinta Alhaji Kassoum ya ce sam. Saurayin da ke kashe inji tun daga kwana ya sanɗo ƙofar mutane ba shi da tarbiyya. Kuma ko lita ɗaya bai taɓa saya ba, wato ya raina teburin. Ga Rafiou nan mai nemanta, in ya taho zance a babur ɗinsa duk unguwa sai ta toshe kunne.

Lantana ta yi bayanin batir har bakinta ya bushe, Alhaji ya ce soyayya ta koya mata ƙarya. Takaici ya ishe ta, ta ɗauki waya.

“Masoyina, Baba ya ce kai mai sanɗa ne. Ka kawo babur ɗin nan ya duba da kansa, ni na gaji.”

“Lantanata, in ya ga inda ake zuba mai, ni zan shanye kwalbar.”

Da Mansir ya iso, Alhaji ya fito da mazurari a hannu, ya zagaya babur, ya leƙa sama ya leƙa ƙasa, bai ga tanki ba. Sai ya tsaya yana kallon kwalabensa.

“To in kowa ya koma irin wannan, ni fa?”

Mansir ya durƙusa. “Baba, batir ma sai an tsaya an yi masa caji. Kuma duk Zongo ba mai bakin titi irin naka.”

Alhaji ya ce zai yi tunani, amma sharaɗi ɗaya ne: surukinsa ba zai riƙa shigowa ba a ji shi ba.

Ranar ɗaurin aure, shi da kansa ya ɗaura wa babur ɗin ƙararrawar shanu, ya sa musu albarka. Lantana ta ce abin kunya ne, ta rantse sai ta cire. Har yau ƙararrawar tana nan, kuma da ta ji ƙararta daga kwana take tashi ta buɗe ƙofa. Allah ya bar su tare.