Madannin Gahawar Sabitu

Madina na tankaɗe a tsakar gida Gwaggo Fatu ta fito riƙe da wani abu a gefen zane, kamar ta ɗauko garwashi.

"Ke, mene ne wannan a ƙarƙashin filonki?"

Dunƙulen ƙarfe ne mai faɗin gindi da mariƙin katako, an sassaƙa sunan Madina a jiki.

"Tamfa ce, Gwaggo. Sabitu ne ya ba ni. Da ita ake danne garin gahawa kafin a sa a inji."

"Kina da injin?"

"A'a."

"Kina shan gahawar?"

"A'a."

"To me za ki danne?"

Ita ma Madina tambayar ta daɗe tana cin ta. Ƙawayenta samari na kawo musu turare da leshi, ita nata saurayin ya kawo mata ƙarfe. Gwaggo ta lakato baƙin gari a gindin abin, ta shinshina, ta sa salati. Ga suna, ga baƙin gari, ga ƙarƙashin filo: ai asiri ne. Kafin la'asar an dakatar da sa ranar auren. Madina ta sha kuka har idonta ya kumbura, don tana son Sabitu, ko da ba kullum take gane kansa ba.

Baffa Hammajoda, yayan babanta, ya ce sai ya gani da idonsa. A ɗakin Sabitu da ke unguwar Fadaman Mada ya tarar da irin ƙarafan jere a kan kanta, wani da mariƙin maɗaci, wani na kanya, wani na ƙahon sa.

"Yaro, duk 'yan matan da ka kama ke nan?"

"Wallahi sha'awa ce kawai, Baffa. Wani masassaƙi a kasuwar Wunti ke fere min mariƙan, ni in goge. Nata ne kaɗai mai suna. Injin na nan yana jiran ta."

Sabitu ya danne gari, inji ya yi gurnani, ya miƙa wa tsohon ɗan mitsitsin kofi. Baffa ya kurɓa, fuskarsa ta tattare.

"Kullum kake shan wannan?"

"Kowace safiya."

"Ba wanda ya tilasta ka?"

"Babu."

Da ya dawo gida Gwaggo ta tare shi a zaure.

"Yaya, asiri ne ko?"

"Har yanzu ban gane abin ba, Fatu. Amma wanda ke shan wannan ɗaci da son ransa, haƙurin zaman aure ba zai gagare shi ba. A sa rana."

Haka Madina ta ci ribar haƙurinta. Ba duk abin da ido bai saba da shi ne sharri ba. A riƙa tambaya kafin a raba masoya.