Mafitar Iskar Jar Mota

Da igiya aka jawo jar motar Alhaji Sadiƙu zuwa Dakoro. Injinta ya ƙone ƙurmus a kan hanyar dawowa daga Maraɗi, dab da Sabon Maci. Motar tsere ce mai kwanciya ƙasa, babu irinta a garin. Kafin azahar Alhaji ya sa an jefa makanikensa Mamani a kaso, wai da gangan ya kashe ta.

Ajidan Zakiru, jandarman da aka ɗora wa binciken, ya tarar da Alhaji a tsakar birgad, ofishin jandarmomi, yana nuna kapo, murfin injin motar, yana ta ruwan bala'i.

"Ya huda mani kapo kamar rariya! Sai ya ruɓe a kaso, ka jiya?"

"Na jiya, Alhaji. Amma nan ba shagonka ba ne. Koma inuwa."

Aka fito da Mamani, idanu jawur.

"Mi ya sa ka huda kapo?"

"Shef, motar Turai ba ta iya wa zahin garin ga. Na sa mata ƙaramin radiyato a gaba, mai sanyaya baƙin mai. Iskar da ta ratsa shi dole ta samu wurin hita, sai na ƙera bututun kwano ya hidda ta bisa kapo. In aka toshe mahita, sabuwar iska ba ta shiga. Mai ya tahasa, inji ya mutu."

"Kai ka toshe?"

"Kwana shidda ina bugun kwanon ga! Ni in toshe shi?"

Zakiru ya ɗaga kapo, ya zura hannu cikin bututun. Wayam. Sai dai baƙar leda ta narke ta manne a jikin kwanon, tare da ɗan gutsuren takardar ƙwaya mai ƙyalli. Ransa ya ɓaci. Ƙwayar nan ce ta haukata samarin garin.

Ya sa aka kira Amani, Buzun da ke gadin gidan Alhaji.

"Ƙofa nika tsaro, ba mota ba," in ji Amani. "Makulli na aljihun Alhaji. Yau da sahe ya ba Sharfaddeen."

Sharfaddeen ƙanin matar Alhaji ne, shi ya tuƙa motar zuwa Maraɗi. Ya shigo yana taunar asawaki, hannun dama cikin aljihu.

"Lahiya lau ka isa Maraɗi?"

"Lau."

"Da ta mutu ka buɗe kapo?"

"Ni mi na sani ga inji? Ban ko taɓa ba."

"Hito da hannunka."

Ya yi kamar bai ji ba. Zakiru ya daka masa tsawar da ta sa asawakin ya faɗi. Ya zaro hannun. Yatsu huɗu sun sha lalle, jajir.

"Ango muka samu? Angon hannu guda?" Ya murɗo tafin. Ƙarƙashin lallen duk bororon ƙuna ne.

Zakiru ya juya ga Alhaji.

"Da a Dakoro aka toshe bututun ga, da ba ta kai Maraɗi ba. Ka ga Mamani da Amani sun hita daga zargi. Can Maraɗi aka cusa ledar ƙwaya, don wanga ya san ba jandarman da ke binciken motarka a shinge. Ya ga rami, ya zaci ma'aji ne. Da inji ya mutu ya yi gaggawar zaro kayanshi kwano na zahi, ya ƙone, ya shafa lalle don ya huce. Ina sauran?"

Sharfaddeen ya durƙushe. "Suna ƙarƙashin wata aduwa a bakin hanya, shef."

Alhaji ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Ajidan, a bar zancen ga cikin gida."

"Gidan wa?" Zakiru ya nuna wa jandarmomi Sharfaddeen. "Ku shiga da shi."

Mamani bai motsa ba ko da aka ce ya tafi. Ya dubi Alhaji ido cikin ido.

"Gaban duk mutanen tasha aka sa mani ankwa. Can za ka zo ka wanke ni, da bakinka."

Alhaji ya dubi Zakiru. Zakiru ya nuna masa ƙofa.

Mamani a gaba, Alhaji a baya, a ƙasa, cikin ranar azahar, har tasha.