Awarwaro Uku a Cikin Famfas

Hannun ledoji ya yi wa yatsun Lastri jan zane, layi-layi, amma babu wanda ya kula. Ita kaɗai ta kwashe kayan daga motar da iyalin suka yi haya: tabarmi, tukunyar kaza da madarar kwakwa, kwandon shinkafar da aka dafa cikin ganye, fulas ɗin shayi, har da jakar jaririya. Ranar uku ga Ƙaramar Sallah ce, kuma kamar kowace shekara mutanen gidan kakarta Mbah Ponirah sun gangaro daga ƙauyensu na kan tudu zuwa bakin tekun kudu. Baƙin yashi ya ɗau zafi tun hantsi, yana cin tafin ƙafa kamar garwashi. Sau huɗu Lastri ta je ta dawo, kowa yana zaune a inuwa yana shan iska!

"Ke, katantanwa ma ta fi ki sauri," in ji Bulik Darmi, matar kawunta, tana fifita da kwali. "Ko sai mun aiko miki da doki?"

"Na zo, Bulik."

Abin da bakinta ya saba faɗa ke nan. Tana 'yar shekara shida mota ta take iyayenta a kan babur, kakarta Mbah Ponirah ta ɗauke ta, ta girma a gida ɗaya da kawunta Paklik Sarjono, ƙanen ubanta, da matarsa. Shekara goma sha uku tana wanki, tana shara, tana goyon 'ya'yan Darmi ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ɗaga ido ta mayar da magana ba. Amma da safiyar Sallar nan, lokacin da kowa ya durƙusa gaban tsohuwa neman gafara, Mbah ta dafa kan Lastri ta ce a gaban jama'a, "Awarwaron zinare ukun nan da ke hannuna, ubanki ne ya saya min da gumin gonarsa. Ranar da na rufe ido, naki ne." Tun daga wannan lokaci Darmi ba ta sake cin abinci ya yi mata daɗi ba...

Mbah ba wanka ya kawo ta ba, yashi ya kawo ta. Sanyin ƙashi ya cinye mata gwiwoyi, don haka duk shekara sai an binne ta har ƙirji a cikin yashi mai zafi, ta yi gumi, ta sami sauƙin wata biyu ko uku. Sarjono ya haƙa ramin can gefe, ya kafa mata laima. Sai dai ba a shiga yashi da zinare, don yana ɗaukar zafi ya ƙone fata, ga shi kuma bakin teku ranar Sallah cike yake da 'yan sane. Tsohuwa ta zare awarwaron tana juya su a hannu, ta rasa inda za ta sa.

"Mbah, kawo ki ga dabarar mutanen birni," in ji Darmi. Ta ciro sabon famfas daga jakar autarta, ta jera awarwaron a ciki, ta nannaɗe tam, ta manne, sannan ta ɗiga masa shayi a baya har ya yi kalar abin da ba a faɗa. "Ɓarawo zai ɗauki jaka, zai ɗauki waya, amma har yau ba a haifi ɓarawon da zai ɗauki kashin jariri ba!"

Kowa ya fashe da dariya, har Mbah. Aka ajiye ƙullin a gefen tabarma, aka ce Lastri ta zauna gadi. Abinci kuwa sai an dawo daga ruwa. Ta zauna da yunwa, ta ɗora haɓa a gwiwa, ido ɗaya kan famfas, ɗaya kan farin gashin kakarta da ke leƙowa daga yashi.

Ba a daɗe ba Darmi ta dawo ita kaɗai, autar tana tsala kuka a kafaɗarta. "Tashi ki ɗebo min ruwa a famfo, yarinyar nan ta ɓata jikinta. Yi sauri, ni ina nan." Lastri ta ɗauki bokiti ta ruga. Wayyo, da ta sani! Kafin ta kai famfo Darmi ta cire wa jaririya famfas mai ƙazanta, ta nannaɗe shi kamar wancan, ta ajiye a gurbinsa. Na zinaren kuma ta cusa a zani, ta zagaya bayan rumfar mai sayar da kwakwa, ta jefa shi cikin tarin ɓawo. Ta san za a caje jakunkuna. Nufinta sai an tashi tafiya ta ce za ta kama ruwa, ta ɗauke abinta. Lastri ta dawo, ta ga ƙullin yana inda yake, hankalinta ya kwanta.

Da iyali suka taru cin abinci, Darmi ta ce bari ta kai wa Mbah kayanta, tunda lokacin fitowarta ya yi. A gaban kowa ta ɓalle famfas ɗin. Wari ya bugi hanci, yara suka watse suna ihu, ita kuwa ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Zinaren Mbah! Sarjono, an kashe mu! Macijiya muka rena a gida!"

"Bulik, ban motsa daga nan ba," in ji Lastri, idonta a tsaye. "Sau ɗaya na tashi, ke kika aike ni famfo..."

Ba ta ƙarasa ba mari ya sauka a kuncinta, har ɗankwalinta ya zame. "Ni za ki yi wa sharri? Ni? To ga jakata!" Darmi ta zazzage jakarta a kan tabarma, ta karkaɗe zaninta, ta buɗe hannuwa. "Ku duba! Yanzu a duba ta!"

Mutane suka yi dafifi: masu gasa masara, masu hayar tabarma, 'yan yawon Sallah da wayoyinsu a sama suna ɗauka. Mata biyu baƙi suka ja Lastri zuwa ɗakin canza kaya, suka tuɓe ta, suka warware mata gashi, suka lalube ko'ina. Ba su sami komai ba. Ta fito rigarta a karkace, hawaye yana zuba ba sauti, wani yana cewa ta binne a yashi, wani yana cewa saurayi ta miƙa wa.

"Jama'a, abin da aka ce nawa ne, don me zan sata?" ta tambaya.

"Don kin gaji da jiran mutuwarta!" in ji Darmi.

A cikin wannan hayaniya kowa ya manta da tsohuwa. Can Lastri ta jiyo wata siririyar murya: "Ku tono ni... ku tono ni mana..." Ta ratsa taron da gudu, ta durƙusa, ta shiga tonon yashi da hannuwanta yana ƙona ta, har ta fito da ƙirjin kakarta, ta fito da gwiwoyin, ta rungumo ta ta zaunar. Mbah ta riga ta ji komai. Ta riƙe fuskar jikarta da hannu biyu, ta daɗe tana kallonta.

"'Yar nan... dube ni. Kin ɗauka?"

Marin bai yi mata zafi haka ba, tuɓewar ma ba ta yi ba. Wannan tambaya ce ta tsaga zuciyarta biyu! Ta haɗiye kuka, ta ce, "Mbah, ban ɗauka ba. Sau ɗaya zan faɗa, ba zan rantse ba. Wanda ya ɗauke min uwa da uba ya bar min ke, Yana gani, kuma ba Ya barci."

Sarjono ya iso yana huci, kunya ta hana shi kallon mutane. Mutum ne da kunnensa yake hannun matarsa tun ranar aurensu. "Ki fito da su kafin mu naɗe tabarma," ya ce. "In ba haka ba, motar nan ba ki shigarta, gidan nan kuma ba ki da shi. Ki nemi wasu dangin a bakin ruwa."

"Sarjono, jinin ɗan'uwanka ce..." in ji Mbah tana kuka.

"Jinin ɗan'uwana ba ya sata, Mbah."

Aka fara harhaɗa kaya, wannan karon ba a ce ta ɗauki komai ba. Lastri ta zauna a kan yashi ita kaɗai, ba ta da ko rupiya ɗaya, ba ta san kowa ba a garin. Ta ɗaga tafukanta da suka yi ja, ta ce a hankali, "Ya Allah, ban da kowa sai Kai. Ba zinare nake roƙo ba, sunana nake roƙo. Kada Ka bari kakata ta mutu tana zargina..." Da ta shafa, sai ta ji ƙirjinta ya yi sanyi. Ta share ido ta dubi Darmi, ta kuwa lura da wani abu: matar tana naɗe tabarma, amma idonta yana can wajen rumfar kwakwa.

A daidai lokacin motar shara ta tsaya a bakin titi tana hon. Wata dattijuwa mai sharar bakin teku, ana ce mata Tumini, ta fito daga bayan rumfar da malfa a ka, tana jan buhu, tana tsinto ƙazanta da sanda mai ƙusa. Ta soki leda, ta soki kofi, ta soki wani famfas a cikin ɓawon kwakwa ta jefa a buhu, ta saɓa, ta nufi mota. Motar kuwa in ta tashi sai jujin bayan gari, inda shara take tsibi kamar duwatsu.

Tabarma ta faɗi daga hannun Darmi. Ta yi taku ɗaya ta tsaya, ta dubi mijinta, ta dubi buhun da ke nisa... Direba ya sake hon. Sai kawai ta tattare zani ta zura da gudu!

"Baiwar Allah! Tsaya! Ajiye buhun nan!"

Ta cim mata a gindin mota, ta fizge buhun, ta zazzage shi a ƙasa. Famfas ya fi goma a ciki, amma hannunta bai yi kuskure ba, ɗaya ta cafka, mai tabon shayi, ta ƙanƙame a ƙirji. Jama'ar da suka taru kan Lastri duk suka juyo kanta.

"Ikon Allah!" in ji Tumini, ta tura malfa baya. "Shekara ashirin ina kwashe ƙazantar bakin tekun nan, ban taɓa ganin wanda ya bi ni da gudu saboda kashi ba. Hajiya, miya za ki yi da shi?" Ta warce ƙullin, ta auna shi a tafin hannu. "Kai! Wannan jaririn me ake ba shi, ƙarfe?"

Ta ɓalle shi. Awarwaro uku suka zubo kan baƙin yashi, suna walƙiya a rana.

Idon kowa ya koma kan Darmi. Sai ta daka tsalle. "Na gano! Ga inda ta ɓoye! Ai na ce muku ɓarauniya ce!"

Mbah Ponirah ta iso, tana dafe da kafaɗar Lastri, yashi yana zuba daga zaninta. Ba ta ɗaga murya ba. "Darmi, yarinyar nan famfo ta je, famfo kuwa yana can, rumfa tana nan. In kuma kin san inda suke tun ɗazu, me ya sa kika tsaya kina kallo aka tuɓe min jika a gaban duniya?"

"Kuma cikin goma ta san nata," in ji Tumini. "Uwa ba ta ɓata ɗanta."

Dariya ta ɓarke, irin wadda ta fi duka ciwo. Wayoyin da suka ɗauki Lastri yanzu Darmi suke ɗauka. Sarjono ya zube gaban 'yar ɗan'uwansa, babban mutum yana kuka kamar yaro. "Lastri... da wane ido zan kalli ubanki gobe kiyama? Ki yafe min, 'yata, ki yafe min!"

"Tashi, Paklik, mutane suna kallo," in ji Lastri, ta kama hannunsa. "Na yafe."

Ya miƙe ya juya ga matarsa, muryarsa ta zama wata iri. "Hukuncin da na yanke wa marainiya, ke kika sa ni na yanke shi, kuma naki ne. Motar nan ba ki shigarta. Ki tafi gidan iyayenki, ki faɗa musu da bakinki abin da ya kai ki."

"Gidan kuwa nawa ne," in ji Mbah, "kuma na gama magana."

Tsohuwa ta sunkuya da ƙyar ta tsince awarwaron, ta goge su da bakin zaninta. Ta kamo hannun Lastri ta zura na farko, ta zura na biyu, hawayenta yana ɗiga a kansu. "Na tambaye ki abin da bai kamata in tambaya ba, 'yar nan. Ba zan jira mutuwa ba. Sa su yau, ina raye, kowa ya gani!" Ta zura na uku. Sai a lokacin Lastri ta saki kukan da ta riƙe shekara goma sha uku, ta kifa kai a ƙirjin kakarta, matan da suka caje ta suna share ido suna cewa Allah Ya isar wa maraya.

Darmi ta tsaya ta ga ko wani zai kira sunanta. Babu wanda ya waiwaya. Ta koma inda tabarma take, ta tattara tarkacen jakarta daga yashi, ta saɓa autarta a kafaɗa, ta ja ɗankwali ta rufe rabin fuska, ta bi gefen rumfuna zuwa titi.