Motar da Aka Kashe da Zafinta

Sufeto Maharazu yana zaune a ofishinsa na Faskari, ido biyu, amma hankalinsa ya yi nisa. Mutum ne mai yawan tafiya a zaune, sai ka kira shi sau biyu kafin ya dawo. A kakar shekarar 1980 ne, zamanin da kuɗin fetur suka sa kowane ɗan kwangila ya ga shi ma ya isa a yi masa fadanci. Ta taga yana kallon sabuwar kwalta tana rawa cikin rana kamar ruwa ya kwanta a kanta.

Saje Inusa ya shigo ya ƙame.

"Yallaɓai, mota ta banke wata mata kusa da 'Yankara. Ta cika. Mai motar bai tsaya ba."

Da suka isa, an riga an lulluɓe gawar da zane. Sunanta Larai, Bamagujiya ce daga wani ƙauye a bayan dutse, ta ɗauko daddawa za ta kasuwa. Daddawar tana nan warwatse a kan kwalta, ba wanda ya taɓa. Mijinta yana zaune a gefe ya rungume gwiwa, ko kuka ba ya yi.

Wani manomi mai suna Audi ne ya ga abin daga gonarsa ta auduga.

"Wace irin mota ce?" in ji Sufeto.

"Hwara ce, doguwa, gilashinta baƙi. Kuma hito takai, Yallaɓai, siriri, kamar shaho a sama. Ni ban taɓa jin mota mai hito ba sai ita."

"Ina ta nufa?"

"Juyawa ta yi, ta ɗauki hanyar Sabuwa da gudu."

Ba sai an yi dogon bincike ba. Mota mai fito guda ɗaya ce a duk yankin, ta Alhaji Rabo na Ƙanƙara, mai kwangilar kwalbatoci, wadda aka yo masa odarta daga Turai.

Washegari da hantsi suka same ta a inuwar ƙofar gidansa, fitilar hagu a fashe. Alhaji Rabo ya fito cikin babbar riga yana ƙamshin turare, ya yi salati, ya girgiza kai.

"Ni ban iya tuƙi ba, Sufeto, kowa ya sani. Jiya ina gida. Direbana ne ya hita da ita, ga shi nan."

Malam Gide dattijo ne siriri mai farin gemu. Ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Ni ne, Yallaɓai."

"Me matar take ɗauke da shi?"

"Ban lura ba."

"Me ya kai ka Sabuwa?"

Gide ya saci kallon maigidansa. "Tsoro," ya ce.

Sufeto ya sa shi ya tuƙa motar zuwa Faskari, shi kuma ya zauna a gefensa. Bai taɓa shiga mota irin wannan ba. Sanyi yana fitowa daga gaba, kujera tana haɗiye mutum, gonakin dawa da auduga suna wucewa shiru ta cikin baƙin gilashi, har ya ji kamar duniyar ce ke tafiya su suna tsaye. Barci ya fara jansa. Amma ko cikin gyangyaɗin ya lura da wasu abubuwa. Motar ba ta yin fiton nan, sai wani gurnani. Hayaƙi shuɗi yana bin su a baya. Gide kuwa ya karkata kunne ga injin, fuskarsa kamar ta uban da ɗansa ke tari. Da wata akuya ta leƙo daga nesa, tun kafin ta yanke shawarar tsallakawa ya rage gudu.

A ƙofar caji ofis Saje Inusa ya buga gilashi.

"Kashe mota ka fito."

"A yi mani haƙuri kaɗan," in ji Gide. Ya zaro carbi daga aljihu, ya bar injin yana aiki a hankali.

"Me muke jira, Malam Gide?" in ji Sufeto.

"Ta huce, Yallaɓai. Akwai wani abu cikin injin nan, turbo anka ce da shi. Ɗan hwanka ne da hayaƙi ke juyawa, shi ke tura iska cikin injin, shi ne mai hiton nan. In an yi gudu ja yakai kamar garwashi. Baƙin mai ne ke sanyaya shi, mai kau ba ya zagayawa sai injin na aiki. In ka kashe ta da zahinta, man ya tsaya, ya ƙone a ciki. Ni carbi ukku nike ja kahin in kashe."

Sufeto ya zauna ya jira tare da shi. Injin yana numfashi, carbi yana tafiya, inuwar darbejiya tana motsi a kan bonet. Mutumin da za a kai bayan kanta da laifin kisa, amma ga shi yana jiran ƙarfe ya huce.

Bayan an rufe shi, Saje ya ce, "Ai duk Ƙanƙara an san shi da wannan, Yallaɓai. Har ba'a ake yi masa, wai yana yi wa mota addu'a."

Babban jami'in ofishin ya ce magana ta ƙare: ga mota, ga mai laifi ya amsa da bakinsa, ranar Litinin a kai fayil kotu a Funtuwa. Sufeto ya san muddin Gide yana cewa shi ne, alƙali zai ɗaure shi, kuma mai irin shekarunsa da wuya ya fito da ƙafarsa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya roƙi kwana biyu.

Ya tafi Sabuwa. A kasuwar auduga fararen tsibi sun yi layi, ƙananan zarurruka suna yawo a iska suna sauka a kan hular mutane. Wata mai fura, Kulu, ta ce ta ga motar.

"Wajen azahar ta shigo da gudu, ta laɓe bayan rumbun can, sai ɗif."

"Nan take aka kashe ta?"

"Nan take. Har ina jin ƙarhen yana ƙas-ƙas don zahi."

"Wa ya fito?"

"Ba kowa. Na ɗauka hura za a saya, na yi ta jira. Sai wajen la'asar anka tada ta, ta tahi tana hayaƙi."

Da ya dawo ya aika Funtuwa aka ɗauko wani makanike mai suna Almu, wanda ya yi aiki da Turawan kamfanin hanya. Almu ya kwance turbon motar, ya juya shi a rana, ya kankare cikinsa da sukuddireba. Wani baƙin abu ya zubo kamar ƙanzon tukunya.

"Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne, Yallaɓai. An yi ta kashe ta da zahi, sau goma ko fi, cikin 'yan kwanakin nan. Gudun ƙarshe ne ya ƙarasa ta."

Sufeto ya daɗe yana kallon ƙanzon a tafin hannunsa. Sannan ya ce wa Almu, "Gobe za ka maimaita wannan a gaban mutane. Kuma kada ka sassauta wa direban, ka ci masa fuska iya iyawarka."

Da safe aka kira Alhaji Rabo, wai ya zo ya sa hannu a takardar motarsa. Aka ba shi kujera a inuwa. Aka fito da Gide, kwana biyu sun ƙara masa tsufa. Almu ya ajiye ƙarfen a kan bonet.

"Alhaji, ka yi asara," ya ce da ƙarfi. "Wannan direban naka ɗan koyo ne. Gemu kawai gare shi. Ko yaron mota ya san ba a kashe irin wannan da zahinta, shi kau ya yi ta murɗe makulli kamar mai kashe injin niƙa, har ya soye mata ciki."

Gide ya matso. Ya ɗauki ƙarfen da hannu biyu, ya leƙa ciki, ya shafa da yatsa.

"Ba ni ba ne," ya ce a hankali.

"Gide," in ji Alhaji.

"Shekara talatin da biyu ina riƙe da sitiyari. Ban taɓa kashe injin da zahinshi ba, ko ana ruwa, ko ana kiran salla. A tambayi kowa."

"To wa ya kashe ta a Sabuwa, Malam Gide?" in ji Sufeto. "An ji da kunne. Tana tsayawa aka kashe."

Gide ya rungume ƙarfen. Hawaye ya gangaro cikin gemunsa.

"Ban taɓa kai ta Sabuwa ba. Sati biyu ina Mabai ina yankan dawata. Ran nan da la'asar sakaliya anka aiko in zo."

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Baba, ka yarda a ce ka kashe mutum, amma ba ka yarda a ce ka ƙona injin ba?"

Sufeto ya juya ga mai kujera.

"Makulli biyu ne da motar nan, Alhaji. Ɗaya yana wurin mai yankan dawa. Wa ya yi ta hawanta sati biyu?"

Alhaji Rabo ya cire hula, ya share gumi, ya mayar. Ya buɗe baki zai yi rantsuwa, sai ya dubi dattijon da ke tsaye rungume da ƙarfe, ya fasa.

"'Yan'uwana 'yan kwangila ke mani dariya," ya ce. "Wai ina da motar da ta hi ta kowa, amma sai an ɗauke ni kamar buhu. Da Gide ya tahi gona sai na riƙa hita da ita hanyar 'Yargoje ina koyo. Ni a ganina wannan jiran nashi ɓarnar gas ce kawai, ina tsayawa sai in kashe. Ran nan na ce bari in je kasuwar 'Yankara a gan ni. Na ga matar, wallahi na gan ta. Na kai ƙahwa birki, ashe totur na taka."

"Sai ka ba da Gide."

"Na ce mashi lauya zai hidda shi cikin wata guda. Tare munka tashi, Sufeto. Bai taɓa ce mani a'a ba."

Saje Inusa ya kawo ankwa. Da aka nufi jif ɗin 'yan sanda da Alhaji, Gide ya ajiye ƙarfen, ya yi sauri ya riga su, ya buɗe masa ƙofar baya, ya tattara masa bakin riga kada ƙofa ta datse. Alhaji ya shiga bai dube shi ba.

Jif ta tashi. Gide ya tsaya har ta ɓace, sannan ya juyo.

"Yallaɓai, matar nan tana da ɗiya?"

"Huɗu. Ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba."

Dattijon ya runtse ido. Kwana biyu yana cewa shi ya kashe ta, sai yanzu ya tambaya.

"Ina ne ƙauyensu?"

Sufeto ya kwatanta masa, ya ce a jira jif ta dawo a kai shi.

"A'a," in ji Gide. "Gidan nan ba a zuwa mashi da mota."

Ya gyara takalminsa, ya hau gefen kwalta, ya kama hanyar 'Yankara a ƙasa.